Notin Ƙarƙashin Fijon Lawan

A Unguwar Kanya, wani ƙauye gabas da Ɗambatta inda gero ke tsayawa har jikin katangar gida, da mota ake yi wa baƙo kwatance. "Ka miƙe ɗoɗar, sai ka ga wata matacciyar Fijo a gindin darbejiya. To nan za ka karya hagu." Fijon ta Malam Lawan ce, wanda har gobe ake kira Lawan Direba, ko da yake rabonsa da sitiyari shekara goma sha biyar ke nan.

Fara ce a da. Yanzu ba mai iya cewa ga launinta. Tayoyin sun ruɓe, ƙasa ta haɗiye rabinsu. Kaji na yin ƙwai a kujerar baya. 'Yan gwangwan sun sha zuwa suna taya ta a matsayin ƙarfe, kullum amsa ɗaya suke samu: "Ba ta sayarwa ba ce." Shi kansa ba ya kallon inda take. In zai tafi masallaci, ta bayan gida yake zagawa.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana jigilar fasinja da ita tsakanin Ɗambatta da Kano. Mutum ne mai tsari har abin ya so ya yi yawa. Kullum da safe kafin ya sa makulli sai ya ɗaga bonet, ya zare gejin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarewa ya ɗaga shi sama yana duba. Fasinja su yi ta tsaki, ko a jikinsa.

Mutum ɗaya ke taɓa masa inji, ƙanensa Sama'ilu, uwa ɗaya uba ɗaya, bakanike a bakin tashar Ɗambatta. Shi ma da nasa halin. Duk tashar an san dokarsa, don da ƙarfi yake faɗarta: "Kai, ajiye wannan! Filaya ta masu ɗaurin shinge ce. Noti sifana yake ci. Duk wanda ya kama min noti da filaya, ya kama hanyar gidansu."

Duk ranar da aka yi wa Fijo juyen mai, Lawan kan dawo gida da tsohon baƙin man a galan. Kafin ya gama alwala maƙwabta sun taru da gwangwanaye. Wannan zai shafa wa katakon rufi don gara, wancan akuyarsa ce ke ƙazuwa, wata kuma ƙafar kajinta. A ƙauyen nan baƙin mai magani ne, ba a zubar da shi.

Shekarar da abin ya faru, an sa ranar auren Anas, ɗansa na fari, bayan kaka. An gina masa ɗaki a cikin gida, saura buga kwano. Ranar Laraba Sama'ilu ya yi wa motar juyen mai, Lawan ya kawo ta gida ya ajiye, don kowace shekara yakan huta da tuƙi kwana huɗu ya shiga noman farko. Ranar Juma'a da hantsi, suna tsakiyar kunya, gamsheƙa ta sari Anas a idon sawu.

Kafin a ɗauko shi daga gona zuwa ƙofar gida idonsa ya fara lumshewa, yawu na zuba, harshe ya yi nauyi. Aka kwantar da shi a kujerar baya. A ranar ne kaɗai, cikin shekara ashirin da biyu, Lawan ya murɗa makulli bai zare geji ba. Anas na ta jan hannun rigarsa ta baya. "Yi haƙuri," Lawan ke cewa, "yanzun nan za mu isa."

Sun wuce kwalbati na biyu injin ya fara ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar ana sara itace a cikinsa, sannan ya cije. Lawan ya zare geji, ya gan shi a bushe ƙamas. Hanya ba kowa, duk jama'a na gona. Kafin a samo babur, a sa yaron a tsakiyar mutum biyu, an ci lokaci mai yawa. A ƙofar asibiti ya cika.

Shanun huɗa ne suka jawo Fijon gida. Ranar sadakar uku, maza na zaune a ƙofar gida, Sama'ilu ya matso kusa da wansa.

"Yaya, wallahi na zuba mai. Galan guda cur, da hannuna."

"Ka zuba. Notin ƙasan da ake tsiyaye mai fa, ka ɗaure?"

"Na ɗaure."

"To ina man ya tafi? Aljanu ne suka shanye?"

"Ka bar ni in shiga ƙarƙashinta in duba."

"Ka shiga ka ɗaure abin da ka bari a kwance? In hannunka ya sake taɓa motar nan, Sama'ilu, ban yafe ba."

A gaban mutane aka yi wannan magana, kuma kafin kasuwar Lahadi ta watse ta zaga tasha kaf. Bakaniken da ya mance noti, har ɗan wansa ya mutu. Direbobi suka janye motocinsu ɗaya bayan ɗaya. Daga gyaran mota Sama'ilu ya koma gyaran injin niƙa, daga nan ya koma facin taya. Lawan kuwa ya koma gona. Liman ya ce musu gaba haramun ce, saboda haka in sun haɗu a sahu sukan ce "Ina kwana," "Lafiya lau," kowa ya sa takalminsa. Haka aka yi shekara goma sha biyar.

Bana, bayan Babbar Sallah, Sama'ilu ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Aka dawo da shi ƙauye, gida uku tsakaninsa da na Lawan. Hadi, tsohon ɗan kamashon tasha, wanda tun suna samari suke tsokanar juna da Lawan, shi ya tare shi a bakin masallaci.

"Direba, ƙanenka fa ba tashi zai yi ba."

"Allah ke tayar da mara lafiya."

"Kar ka yi min wa'azi, na riga ka zuwa sahun gaba. Je ka ka ce ka yafe masa."

"In ce na yafe alhali ban yafe ba? In yi wa mai jinya ƙarya?"

"To me kake jira? A saukar maka da wahayi?"

Lawan ya zura takalminsa. "Zan buɗe injin."

Abin da yake so bai da yawa. Ya ciro notin nan a kwance kamar yadda ya tabbata zai same shi, ya kai wa Sama'ilu, ya ji ya ce "na yi kuskure," shi kuma ya yafe masa da zuciya ɗaya tun yana da rai. Ko notin zai iya zama a ɗaure, wannan bai bari tunaninsa ya je can ba.

Washegari ya kori kaji, ya ɗaga bonet da ƙyar. Amma maimakon ya nufi ƙasa, sai ya fara ta sama. Ya kwance filogi huɗu, ya ɗura kananzir da man birki a ramukansu don tsatsa ta jiƙu. Ya ciro kafireta ya tarar zanzaro ya yi gini a ciki. Ya fitar da sheƙar ɓera daga bayan lagireto. Ya shimfiɗa buhu a inuwa, ya jera kowane noti a inda ba zai rikice ba, yana wanke su ɗaya-ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Abin da ya ba shi kunya shi ne daɗin da ya ji. Hannunsa bai mance komai ba. Wata rana har ya ji kansa yana ɗan fito.

Mutane suka ce tsufa ne ya zo wa Lawan da wasa. Masu wucewa gona kan tsaya su ce, "Direba, a ajiye min gidan gaba!" Hadi kan zo da goronsa ya zauna a kan bulo.

"Ni dai ban yi makarantar kanikawa ba, amma na ji an ce notin nan a ƙasa yake."

"Aiki bi da bi ake yi."

"Sati uku kana bi da bi. Shi wanda ke kwance ka tambaye shi ko zai jira?"

Kulu, matar Lawan, ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Tun ranar da ya ɗaga bonet ta daina cin abincin kirki. Tuwonta ya fara ƙauri, ita da ba a taɓa jin haka a tukunyarta ba. Sau biyu tana cewa, "Malam, da ka bar motar nan ta kwanta." Ya ɗauka tuna ɗanta ne ke damunta.

Tsatsar sama ta saki. Ya sa dogon ƙarfe a gaban injin, ya hau da duk nauyinsa, injin bai motsa ba ko kaɗan. Ya san dalili. Injin da ya ƙone don rashin mai, a ƙasa yake cijewa. Duk wankin da zai yi a sama ba zai juya ba sai ya sauka.

A ranar ne Zuliha, matar Sama'ilu, ta tsaya daga nesa, ba ta ko shigo inuwar ba. "Yaya Lawan, tun jiya ko koko ba ya wucewa. Na ce in faɗa, kar a ce ban faɗa ba." Ta juya.

Ya ɗauko fartanya ya haƙe ƙasar da ta binne motar. Ya aro jek, ya tura bulo, ya shimfiɗa buhu ya shiga da baya. Ya kankare laka da tsinken kara har notin ya bayyana. Ya kai yatsa, yana jiran ya ji shi yana lilo.

A ɗaure yake tamau.

Ya sa sifana, ta zame. Ya sake sawa, ta sake zamewa. Ya goge notin da bakin rigarsa, ya matso da ido. Kusurwoyinsa shida duk a cinye suke, da sawun haƙoran filaya a jiki, layi-layi.

Ya daɗe a kwance a wurin. Yana jin awaki na wucewa, yana jin ana daka a wani gida. Daga bisani da guduma da kurfi ya buga notin ya fito, ya jawo jiki waje. Kulu na tsaye da kwanon fura. Bai san tun yaushe take wurin ba.

Ya buɗe mata tafin hannunsa. "Wannan ba hannun Sama'ilu ba ne."

Ta ajiye kwanon. Ta zauna a ƙasa daɓas, ba tabarma.

"Yaron nan ne," ta ce. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, yana raye ko bayan ransa.

"Wane yaro?"

"Naka. Na farin." Muryarta ba ta rawa, kamar maganar da aka daɗe ana bita. "Kafinta ya ce ba zai buga kwano ba sai an shafe katako, gara ta yi yawa a wurin. Ranar Laraba ka dawo ba galan, ka ce ka baro shi a gareji. Ranar Alhamis ka tafi ta'aziyya. Ya ce min, Inna, kaɗan zan tsiyaya a motar, Baba ba zai gane ba. Ni na ba shi robar wanki. Ni na ɗauko masa filayar a ɗakina. Da ya kwance, notin ya suɓuce ya faɗa cikin robar, man ya ɓalle. Kafin ya lalubo shi duk ya tsiyaye, rabi a roba rabi a ƙasa. Ya tura rairayi ya rufe. Ya ce ranar Lahadi zai sayo sabo a kasuwa ya mayar, tunda ba za ka fita ba sai Litinin. Ya ce kar in faɗa."

"Ranar Juma'ar fa? Kina ina?"

"Ina gidan suna, bayan rijiya. Ƙarar motar na jiyo. Na fito a guje ko mayafi babu. Ƙurarku kawai na tarar."

"Shekara goma sha biyar, Kulu."

"Ranar uku ina bayan zana ina jin ku. Na miƙe zan fito. In fito gaban maza in ce mamacin ne ya jawo? Ni uwarsa? Na ce bari a yi bakwai. Aka yi bakwai na ce bari a yi arba'in. Daga nan kuma kullum abin ƙara nauyi yake."

Lawan ya juya. Ya shiga gida, ya tura ƙofar ɗakin da aka gina wa Anas, wanda ya zama ma'ajiyar buhunan gero. Ya ɗaga kai. Katakon rufin ya yi duhu, lafiya lau, ko sawun gara babu. Sau biyu ya sauya katakon sauran ɗakunan, wannan kuwa bai taɓa ba, yana ta yaba wa kafinta. A nan tsaye ya tuna hannun da ke jan rigarsa ta baya tun kafin ya murɗa makulli. Ya dafa buhu, ya zauna.

Bai wanke hannu ba ya tafi gidan Sama'ilu. Rabonsa da zauren tun ana kiran yaran gidan da sunan yarinta. Zuliha ta ɗaga labule, ta dubi baƙin man da ke hannunsa, ta matsa.

Sama'ilu na kwance a katifa a ƙasa, ya zama rabin yadda yake. Ido ɗaya ne ke bin mutum. Lawan ya durƙusa, ya kama hannunsa na hagu, ya sa masa notin. Babban yatsan ya fara zagaya ƙarfen a hankali, kusurwa bayan kusurwa, ya tsaya a kan sawun haƙoran. Bakin ya yi ta kokawa kafin kalma ta fito.

"Fi... laya."

"Filaya ce," in ji Lawan. "A ɗaure na same shi. Ba kai ba ne, Sama'ilu. Daga gidana ne. Ni kuma ban duba geji ba."

Idon ya tsaya a kansa yana tambaya. Anas ɗan ɗakin Sama'ilu ne, a kafaɗarsa ya girma. Lawan ya sunkuyar da kai, bai faɗi suna ba.

"Yanzu?" Zuliha ce daga bakin ƙofa. "Yanzu aka gano? Sau nawa ya roƙe ka ka bar shi ya leƙa? Leƙawa kawai, Yaya Lawan. Gareji ya tafi. 'Ya'yansa ana nuna su a makaranta. Mutumin da ke jin ciwon inji daga tsallaken titi ya ƙare yana hura taya. A gaban jama'a ka faɗi waccan, sai wannan ce za ka kawo ɗaki ka raɗa?"

"Zan faɗa a gaban jama'a." Ya juya ga ƙanensa. "Ka yafe min. Don Allah, don darajar mahaifiyarmu."

Sama'ilu ya dunƙule hannu a kan notin. Hawaye ya gangaro ta idon nan ɗaya zuwa kunne. Ya rufe idon. Lawan ya zauna har aka kira la'asar, bai ji komai ba sai numfashi.

Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe a masallaci. Ya ce notin a ɗaure yake, ya ce laifin daga gidansa ne, ya ce ya zalunci ɗan'uwansa shekara goma sha biyar. Dattawa suka yi ta salati. Ranar Lahadi ya hau babur zuwa tashar Ɗambatta, ya tsaya a rumfar direbobi ya maimaita. Yawancinsu samari ne, suna danna waya. Da ya gama, ɗaya ya ɗago kai cikin ladabi.

"Baba, wai wane Sama'ilun?"

Ranar Talata da hantsi Sama'ilu ya rasu. Lawan ne ya zuba ruwa, Liman na wanka. Bayan an dawo daga maƙabarta Zuliha ta aiko a kira shi zaure, ta miƙo masa notin ta bayan labule, a ƙulle cikin tsumma.

"Ya ce a ba ka."

"Ya yi magana?"

"Da hannu ya nuna."

"Ya ce... ya yafe?"

"Ban ji ba. Abin da ban ji ba kuwa ba zan faɗa ba."

Har yanzu in ka bi ta Unguwar Kanya za ka tarar da shi a gindin darbejiyar. Ya sauke injin gaba ɗaya, ya kai abin da ya ƙone Kano an gyaro, ya mayar. Da kaka injin ya juya da hannu, sannan wata safiya ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya kama. Kaji suka watse. Kulu na cikin gida, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu har ya kashe. Ba su sake tayar da maganar ba. Takan kawo masa fura ta ajiye a kan bulo, ya ce "An gode," ta koma.

Sabon noti ya saya wa injin. Tsohon yana aljihun gaban rigarsa. Motar na nan a kan bulo, ba taya.

"To, Direba," in ji Hadi, "ta tashi. Ina muka nufa?"

"Ba inda za ni."

"To wahalar me ka sha?"

Lawan ya zagaya gaban motar. Ya ɗaga bonet, ya zare geji, ya goge, ya mayar, ya sake zarewa ya ɗaga shi sama yana duba.